Mu Biyu Ne Ke Sanye da Igiyar Babban Saje

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Arewa ne mazaunin jihar Ohio a Amurka. Shekarun baya wani abokin aikina ya ja ni cikin wata ƙungiya ta masu kwaikwayon yaƙin basasar Amurka. Muna fitowa a matsayin sojoji baƙar fata na ɓangaren gwamnatin tarayya, irin na runduna ta 55 ta Massachusetts: shuɗin kaki na ulu, bindiga irin ta da, kwana a tanti, fareti a gaban 'yan kallo da 'yan makaranta. A rajista mu ashirin da biyu ne, amma da wuya mu wuce goma sha biyu a fili.

A taron farkon shekara aka zaɓe ni babban saje. Wanda na gada dattijo ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma tsohon sojan Amurka ne na gaske da ya yi ritaya yana saje. Ranar zaɓe bai ce uffan ba. Ranar atisaye sai ga shi da igiyoyinsa a hannun riga kamar ba a yi komai ba. Na ba da umarni, ya ba da nasa, sahu ya rabu biyu. Ana cikin haka wani kuma ya sayo alamar kyaftin ta intanet ya ɗinka a kafaɗa, ya ce an hana kakanninsa anini, shi kuwa ba mai hana shi. Da na yi magana sai wani ya ce ni baƙo ne daga Afirka, ba ni da kaka a wannan yaƙi. Abin ya hana ni barci. In warware igiyata in huta, ko in tsaya a kan zaɓen da aka yi, ko in bar musu ƙungiyar?

Naka, mai karatu daga Ohio.

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Kada ka warware igiyar, kada ka fita, kuma kada ka yarda a sake raba albarushi a wurin atisaye sai kowa ya san muryar wa yake bi. Na fara da albarushi ne domin shi kaɗai ne abin da ba zai jira ku shirya ba.

Ka fi ni sanin yadda kuke tsayuwa. Sahu biyu ne, kafaɗa da kafaɗa. Mutum ya yage takardar albarushi da haƙori, ya zuba a bakin bindiga, na sahun baya ya miƙo tasa ta saman kafaɗar na gaba, wuta na fita dab da kunnen ɗan'uwansa. Ba harsashi a ciki, gaskiya ne, amma albarushi zalla ma yana ƙona fuska, yana kashe ido, yana toshe kunne. Shi ya sa masu shirya tarukan nan ke duba kowace bindiga kafin a shiga fili, kuma suke hana zaro sandar ƙarfen nan ta danna harsashi, don kada wani ya manta ta a ciki ya harba ta. Duk da wannan tsantseni, a 1998 wurin taron cika shekara 135 da yaƙin Gettysburg, harsashi na gaske ya sami wani ɗan wasa a wuya daga wata ƙaramar bindiga. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. To ka ƙiyasta sahun da wani ke cewa a harba, wani na cewa a dakata. Idan ka kai maganar gaban 'yan ƙungiya ta wannan fuska, ba wanda zai ce son girma ne ya kawo ka, kuma dattijon nan, da ya ci kaki na gaske, shi ne zai riga kowa fahimta. Ba sojan da bai san illar umarni biyu a sahu ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan ƙyallen da ake rigima a kai. A dokar kaki ta sojojin tarayya ta 1861, kofur igiya biyu ne, saje uku, tsininsu na kallon ƙasa, a saman gwiwar hannu, kuma launin sararin sama ne ga sojan ƙasa, ja ga masu igwa, rawaya ga mahaya dawaki. Babban saje ma igiya ukun ce, sai dai an ƙara masa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiyar buɗin igiyoyin. Wato tsakaninka da dattijon ba igiya uku ba ce. Ɗan ƙyallen nan ne da bai kai tafin hannun yaro ba. Ka riƙe wannan, domin a nan mafitar take.

Kamfani ɗaya na sojan ƙasa a wancan zamani, idan ya cika, mutum ɗari ne da ɗaya: kyaftin ɗaya, laftana biyu, babban saje ɗaya, saje huɗu, kofur takwas, makaɗa biyu, mai keken kaya ɗaya, sauran duk farabiti. Ko da aka ragu, doka ba ta so a gaza tamanin da uku. Ku kuwa sha biyu ne a fili. Mutum sha biyu a 1863 rabon saje ɗaya ne da kofur ɗaya, in an yi karamci a ce biyu. Idan kuka fito da kyaftin da manyan saje biyu da kofur biyu, kusan rabin sahunku masu ba da umarni ne, kuma wannan ita ce tsohuwar cutar ƙungiyoyin kwaikwayo a ko'ina: hafsoshi sun yi yawa, masu ɗaukar bindiga sun yi kaɗan. A manyan taruka masu shiri kan haɗa ƙananan ƙungiyoyi su tada kamfani guda, sai a ce wa rarar hafsoshi da saje su sa rigar farabiti su shiga sahu. Ƙidayar kawuna alƙali ce da ba ta da dangi a cikinku. Ku sa ta a rubuce: mutum kaza a fili, igiya kaza, an ƙaru, a ƙara, an ragu, a rage. Ranar da kuka zo ku shida, kai ma kofur ne ko farabiti, kuma ya kamata kai ne za ka fara faɗin haka da bakinka.

Dattijon nan fa, ina ganin kun yi masa laifi ba ku sani ba. Mutum ya kafa abu, ya yi shekaru yana kiran sunaye da asuba, yana koya wa sababbi riƙon bindiga, watakila motarsa ce ke ɗaukar tantuna. Rana ɗaya aka ɗaga hannuwa, aka ƙirga, aka wuce zuwa batun kuɗin shekara. A wasiƙarka ban ga inda aka tsaya aka gode masa ba, ban ga inda aka ce masa ga matsayinka daga yau ba. Shirun da ya yi ranar zaɓe kuka ɗauka yarda ce. Da ya zo da igiyoyinsa ranar atisaye, tambaya ce yake yi muku da hannun riga: ni yanzu mene ne a nan? Ga kuma abin da ya ƙara wa lamarin nauyi. Kai igiyarka ta wasa ce. Shi ya taɓa samun ta gaske da gumi, kuma duk da ya san ta 1863 daban, zuciya ba ta cika rarrabe irin wannan ba. A ce wa tsohon saje ya koma farabiti a ƙarƙashin wanda bai taɓa kwana a bariki ba, ko a wasa ne, akwai ɗaci.

Ba ina nufin yana da gaskiya ba. An yi zaɓe, kuma zaɓe ba baƙon abu ba ne a tarihin da kuke kwaikwayo, domin a farkon yaƙin kamfanonin 'yan sa-kai da yawa su suka zaɓi hafsoshinsu da kansu. Muƙamin da mutum ya riƙe a sojan Amurka na yau ba ya biyo shi cikin rigar 1863, kamar yadda lambobin yabonsa na gaske ba sa hawa kanta. Idan ka janye don ya ɓata rai, ka koya wa kowa cewa ana soke ƙuri'a da allura da zare, kuma mai alamar kyaftin na kallo.

Saboda haka ka je ka same shi. Ba a zauren WhatsApp na ƙungiya ba, ba a filin atisaye ba. Ka kira shi tukuna, tun da can ba a faɗa wa mutum gida ba sanarwa, ka ce kana son ka zo ka gaishe shi. Kada ka buɗe da batun igiya. Ka ce masa an ɗora maka aikin da shi ya fi ka sani, kana so ya zauna da kai ya nuna maka yadda yake kiran sunaye, yadda yake duba bindigogi, inda sababbi ke yawan kuskure. Wannan ba dabara ba ce, kana bukatar ilimin. Idan hira ta yi daɗi, sai ka kawo maganar ranar atisaye a matsayin abin da ya tsorata ka, ka tambaye shi yadda ake yi a soja idan murya biyu ta haɗu. Bar shi ya faɗa da bakinsa.

Sannan ka zo masa da abin hannu, kada ka zo da roƙo kawai. A rundunonin wancan zamani akwai sajen tuta, kuma ba a ba kowa tuta, domin ita abokan gaba ke fara nufa da wuta. Sajen da aka fi tunawa a duk tarihin sojoji baƙar fata na yaƙin nan ta dalilin tuta ake tuna shi. William Carney na runduna ta 54 ta Massachusetts, ranar 18 ga Yuli 1863 a harin ganuwar Wagner kusa da Charleston, inda aka kashe kwamandan rundunar, Kanar Robert Gould Shaw, shi Carney ya ɗauki tutar Amurka da mai riƙe da ita ya faɗi, ya kai ta har jikin ganuwa, ya dawo da ita yana zubar da jini daga raunuka. Sai a 1900 aka ba shi babbar lambar yabo ta ƙasa. Idan dattijon ya karɓi tuta, igiyarsa uku na nan daram, ɗan ƙyallen tsakiya kaɗai zai cire, kuma shi 'yan kallo za su fi ɗauka a hoto. Ka haɗa masa da horar da sababbi, wanda a nan ba mai ja da shi. Ka nemi shugaban ƙungiya ya shirya ɗan biki a gaban sahu: a karanta shekarun da ya yi, a gode masa, shi da hannunsa ya miƙa maka alamar babban saje, kai kuma ka miƙa masa tuta. Abin da ya kamata a yi tun ranar zaɓe ke nan.

Batun mai alamar kyaftin ya fi wannan sauƙi a hukunci, ya fi shi wuya a zuciya. A Kano kowa na iya shiga kasuwa ya sayi yadin rawani, amma kuɗin yadi ba ya ba mutum damar fitar da kunne biyu. Sai dai hujjar mutumin ba ta banza ba ce, kuma kada ka yi mata dariya. Da gaske an hana. Kusan baƙar fata dubu 180 ne suka shiga sojan ƙasa na tarayya, amma hafsoshinsu kusan duka farare ne. Stephen Swails na runduna ta 54, Gwamnan Massachusetts John Andrew ya ba shi muƙamin ƙaramin laftana a watan Maris na 1864, Ma'aikatar Yaƙi ta ƙi amincewa har sai Janairun 1865. A rundunar da kuke kwaikwayo, ta 55, mutum uku ne suka kai wannan matsayi, James Monroe Trotter da John Shorter da William Dupree, kuma ba a tabbatar musu ba sai a tsakiyar 1865, bayan an gama harbe-harbe. Trotter ma malamin makaranta ne a nan Ohio ɗinku kafin ya shiga soja. Ƙaramin laftana kuwa a lokacin kafaɗarsa ba ta ɗauke da ko sanda ɗaya, filin alamar wayam yake. Babban laftana ne mai sanda ɗaya, kyaftin biyu.

To ga abin da za ka ce masa. Ranar da yaron makaranta ya dubi sahunku ya tambaya me ya sa duk baƙar fata ne amma ba hafsa baƙi ko ɗaya, ranar ce kuka ci ribar zufar da kuke yi cikin ulu. Nan ne za a gaya masa labarin Swails. Nan ne za a gaya masa cewa farin farabiti na karɓar dala 13 a wata, farin babban saje dala 20, shi kuwa baƙin soja, ko saje ne ko farabiti, dala 10 ce, a cire 3 kuɗin kaki; cewa rundunoni na 54 da 55 sun ƙi karɓar wannan kuɗi sama da shekara guda, har jihar Massachusetts ta ce za ta cika musu gibin suka ce ba sa so, sai gwamnatin tarayya ta biya su daidai da kowa; cewa sai a Yunin 1864 majalisa ta gyara dokar. Alamar kyaftin a kafaɗarsa tana goge wannan tambaya tun kafin yaron ya yi ta. Wanda ya hana kakanninsa anini zai so a manta an hana, shi kuwa yana taya shi.

Idan ransa na kan muƙamin, akwai hanyar da tarihi ya yarda da ita. A Louisiana an yi kyaftin-kyaftin baƙar fata a 1862 da 1863, kafin Janar Banks, kwamandan sojojin tarayya a yankin, ya matsa musu su ajiye aiki. André Cailloux na cikinsu, ya mutu yana jagorantar mutanensa a Port Hudson ranar 27 ga Mayu 1863. Mutuminku na iya karanta tarihin irin waɗannan, ya haɗa kayansu daidai, ya riƙa tsayawa a gaban tanti ko a aji yana ba da labarinsu da alamarsa a kafaɗa. Amma idan aka busa a shiga sahun runduna ta 55, ya sa rigar da ƙungiya ta ba shi. Kuma wannan magana ba daga bakinka ita ma za ta fito a matsayin hukunci ba. Shugaban ƙungiya ne da taro za su yanke.

Wannan ya kawo ni ga abin da na lura babu a wasiƙarka: ba ka ambaci shugaba ba ko sau ɗaya. Idan a ƙungiyarku mai igiya mafi girma shi ne kuma mai yanke inda za a je, da riƙe asusu, da amsa gayyata, to dole a yi ta faɗa a kan igiya, domin ta zama mabuɗin komai. Ku raba. Shugaba, ma'aji da sakatare su yi aikinsu da kayan gida, ko da farabiti ne a fili. Muƙamin fili ya zama na shekara ɗaya, a sake zaɓe. Igiyoyi da jan ɗamarar saje da takobinsa ƙungiya ta saya da kuɗinta, su zama kayanta kamar tanti da tukunya, a ba da aro, a dawo da su. A riƙa ɗinka igiya da ɗinki sama-sama yadda reza za ta cire ta cikin minti biyu ba tare da ta ɓata rigar ba, kuma kada a manta da zanen gefen wando, domin shi ma alama ce, na saje inci ɗaya da rabi, na kofur rabin inci. Masu hidimar soja ta gaske, irin dattijonku, a ware musu ranarsu: 11 ga Nuwamba, ranar tsofaffin sojoji, su tsaya a gaba da sunansu da muƙaminsu na ainihi, kowa ya sara musu.

Saura maganar da na san ita ce ta hana ka barci, wai kai baƙo ne. Rabin maganar gaskiya ce, ka karɓe ta. Wasu daga cikin abokanka kakanninsu na cikin rajistar rundunonin nan, wasu an sayar da nasu a kasuwar bayi ta Charleston ko New Orleans. Abin da kai ka koya a littafi su a gida suka gaje shi, kuma hakan na bukatar ka riƙa taka-tsantsan da harshenka. Ɗaya rabin kuwa tarihi bai goyi bayansa ba. A cikin runduna ta 55 ɗin nan akwai wani ɗan Borno, haifaffen Kukawa, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Amurka ta sani da Nicholas Said. An kama shi yana matashi, aka ratsa Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha da ƙasashen Turai, ya iso Amurka, ya koyar a Detroit, ya shiga rundunar a 1863, ya kai saje. Daga baya shi da kansa ya nemi a sauke shi daga muƙamin don ya koma aiki a asibitin soja. Bayan yaƙi ya ci gaba da koyarwa a jihohin Kudu. Ka nemi tarihinsa ka karanta, ka riƙa ba 'yan kallo labarinsa, domin ba wanda zai ba da shi kamar mutumin da ya san inda Kukawa take. Amma kada ka ɗauke shi sanda ka doki wanda ya gaya maka maganar. Ka bari ya ji labarin a bakinka kana gaya wa yara, ya isa.

Idan duk ka yi wannan dattijon ya ce shi fa ba zai cire ba, kada ka yi jayayya da shi a gidansa. Ka gode masa, ka tashi, ka kai wa shugaba maganar a rubuce, a kira taro, kuma a taron ka nemi a tattauna doka ba mutum ba: saje nawa ga mutum nawa, wa ke da kayan muƙami, wa ke ba da umarni idan akwai albarushi. Kafin taron, atisaye ya zama na tafiya da juyi da riƙon bindiga kawai. Mai yiwuwa ya yi fushi ya ɗauke ƙafa na wani lokaci. Ku ci gaba da aika masa sanarwa da gayyata kamar kullum, kuma kada a ba kowa tutar. Ka kira shi cikin wannan mako, domin daga ƙarshen Mayu zuwa 19 ga Yuni, ranar tunawa da 'yantar da bayi a Amurka, gayyata za ta yi muku yawa, kuma ba a gaban jama'a za ku so ku warware wannan ba.